Ƙofar Jirgin da Kakana Ya Ɓoye a Hula

Shekarun baya, zamanin da kuɗin man fetur suka fara shigowa har ma'aikatan gwamnati suka koma sayen abin da ba su san amfaninsa ba, baffana da ke aiki a Kano ya zo mana hutu Wudil da sabon babur, da rediyo mai kaset, da wani kwali da ya miƙo mini. A bayan kwalin akwai hoton jirgin yaƙi yana feshin wuta. Na buɗe da rawar jiki ina tsammanin jirgi zai fito, sai na tarar da gutsattsarin roba manne a jikin wasu sanduna, da ɗan gam, da takarda mai zane-zane. Baffana ya ce ai ni zan haɗa shi da hannuna, haka 'ya'yan Turawa suke yi.

A lokacin ban daɗe da shiga sakandare ba, kuma duk unguwarmu an shaide ni da rashin ji. In aka ga jaki da tsumma ɗaure a wutsiya, ba a bincike, gidanmu ake zuwa. Saboda haka mahaifiyata ta yi wa baffana godiya kamar ya kai ta Makka, don an samu abin da zai zaunar da ni wuri ɗaya.

Jirgina na farko, da an kai shi fagen fama, dariya ce za ta kashe abokan gaba. Fiffike ɗaya na kallon sama, ɗaya na kallon garin Lajawa. Gam ya manne mini yatsu har na koma cin tuwo kamar kuturu. Kazar mahaifiyata ta haɗiye taya ɗaya, na yini ina bin ta a baya ina jiran ta dawo mini da kayana. Amma abin ya shige ni. Na koyi yanko gutsure da reza ba da haƙori ba, na koyi goge bakin da ya yi kaushi, na koyi ɗiga gam da tsinken tsintsiya. Duk zuwan baffana sai ya riƙo mini sabon kwali, ni kuma in rataye wanda na gama da zare a rufin zauren kakana, don can ne kawai yara ba sa shiga.

Kakana tsohon soja ne, da shi aka yi yaƙin Bama. Tsakanina da shi wasan jika da kaka ne na ƙin ƙarawa. Ina kiransa Kofur, shi kuma yana ce mini ɓarawon mata, saboda kullum sai na gaya masa kakata ni take so, zaman haƙuri kawai take yi da shi. In na shigo zauren sai in buga ƙafa in sara masa.

"Kofur, ba ka mutu ba har yau? Ni fa na gaji da jira."

"Ja'iri. Ka fara iya wanke wuyanka tukuna, sannan ka zo neman matata."

A gidan kowa tsoronsa yake ji, har mahaifina ba ya haɗa ido da shi. Ni kaɗai nake faɗa masa abin da na ga dama, don jika ba ya laifi a wurin kaka.

Amma akwai magana ɗaya da ko ni ban taɓa kai baki ba. Kakana yana da ƙane da suka tafi yaƙin tare, shi ya dawo, ƙanen bai dawo ba. Ba a kawo gawa ba, ba wanda ya zo ya ce ya ga mutuwarsa. Saboda haka ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, kuma kakana ya kafa doka cewa kada wanda ya kira shi marigayi. In sunansa ya faɗo a magana, sai dai a ce Allah ya bayyana shi. Wani baƙo ya taɓa cewa Allah ya ji ƙansa, kakana ya naɗe tabarmar da mutumin yake zaune a kai. Gonar ƙanen da ke Indabo kuwa shi yake nome ta duk shekara, ya zuba dawar a rumbu na daban, ba mai taɓa ko zangarniya. In sabuwa ta zo sai ya canza tsohuwar, wai kada mai ita ya dawo ya tarar da ƙwari sun ci. Shekara talatin da wani abu ana haka.

Wata rana baffana ya kawo kwalin da ya fi sauran girma. Ban ma so shi ba, don ba bindiga a jikinsa, ga shi da tumbi kamar saniyar da ta kusa haihuwa. Ina zazzage shi a tabarma sai kakana, wanda bai taɓa kula jiragena ba sai dai ya ce na cika masa zaure da jemagu, ya ce, "Miƙo mini murfin nan."

Ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Dakota ke nan," in ji shi.

"A'a, Kofur, ashe ka iya karatun boko?"

Can sai ya fara magana, ba ni yake kallo ba, murfin yake kallo. Ya ce a dajin Bama babu hanyar mota, wannan jirgin shi ne uwa shi ne uba. Shi yake jefo musu shinkafa da gishiri da harsashi daga sama. In an samu fili an share, shi yake sauka ya kwashe waɗanda aka ji wa rauni. Ya ce ranar da aka harbi ƙanensa a cinya, shi ya kama gaban gadon da aka ɗauko shi a kai, suka shigar da shi ta wata babbar ƙofa da ke gefe, wajen wutsiya. Ƙanen yana magana sarai, har ya ce masa ya riƙe masa butarsa kafin ya dawo.

"Sai aka busa usur, aka ce mu juya. Soja ba ya waiwaye. Ban ga an rufe ƙofar ba, ban ga tashinsa ba. Ni dai a ƙasa na bar shi, ƙofa a buɗe."

Bayan yaƙi ya tambaya a bariki, ya tambaya a wurin waɗanda suka dawo ta jirgin ruwa. Wani ya ce kamar ya gan shi a asibiti, wani ya ce ba shi ba ne.

Tun daga ranar aikin ya zama na mu biyu. Shi yake matse mini ɓarin jikin jirgin biyu har gam ya kama, yana zaune ƙiƙam kamar mai gadi, ko ƙuda ba ya korewa. Da aka zo fenti muka yi rigima. Ni kore shar nake so, shi ya ce a'a, in ƙara ƙasa-ƙasa. Na ƙara, ya ce ƙara. Sai da abin ya koma kalar miyar kuka sannan ya gyaɗa kai. Kakata ta leƙo ta ce in dai miyarta muke sata muna shafa wa roba, ta yafe mana auren mu duka biyun.

Saura gutsure ɗaya jirgi ya kammala, wato ƙofar nan ta gefe, ba ta fi farcen babban yatsa ba. Na yanko ta na ajiye, na juya ɗauko tsinken gam, na waiwayo babu ita. Na ɗaga tabarma, na zazzage wandona, har na fara hararar kazar nan. Sai na ga kakana yana gyara zaman hularsa.

"Kofur, fito da ita."

"Bar shi haka."

"Jirgi ba ƙofa? Sanyi zai kashe fasinja."

"Na ce ka bar shi haka."

Haka aka rataye shi da rami a gefe. Damina ta shigo ta same shi a haka. Zanzaro ya samu gida kyauta, ya riƙa kai laka ciki, ni kuma ina sakacewa da tsinke ina mita. Na sa wa kakana suna ɓarawon ƙofa. Na gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa Turawa sun sallame shi ne don ya sace ƙyauren bariki. Yana dariya, amma ko alwala zai yi, sai ya cire hular a hankali ya kife ta a cinya.

Da kaka ta yi, aka kawo dawar Indabo a kan jakuna. Da la'asar muna zaune a ƙofar gida, da mahaifina da baffana da wasu dattawa biyu, ana kallon yadda ake ɗura ta a rumbun nan. Kakana ya yi tari mai tsawo, irin wanda ya fara damunsa a shekarar. Ni kuwa bakina ba ya zama.

"Yauwa, Kofur, an kusa. Kada ka damu, in ka tafi ni zan gaji matarka da rediyonka, in yi maka sadakar waina har ta ishi mutanen kasuwar Juma'a." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Daɗin dariyar ya ɗebe ni na zarce. "Kai ka ji daɗi, kana da ni. Shi mai dawar nan fa? Ka hana a ce Allah ya ji ƙansa, kuma kai kaɗai ka rage wanda ya san fuskarsa. In ka tafi, wa zai yi masa?"

Mahaifina ya zuba mini wani kallo da har yau in na tuna sai na gyara zama. Kakana ya jawo takalmansa ya shiga gida.

Ba wanda ya dake ni, ai maganar jika ce. Amma kwanakin da suka biyo baya sun fi duka zafi. In na sara masa sai ya ce, "Lafiya lau," kamar yana amsa wa baƙo. Babu ja'iri, babu ɓarawon mata. Na je wurin kakata zan fara kame-kame, ta ce, "Maigidana, zauna. Abin da ka faɗa, tun kafin a haife ka nake neman bakin faɗarsa. Ka ƙyale shi, yana taunawa ne."

Ranar wata Alhamis da hantsi ya aiko a kira ni zaure. Na tarar ya sauko da jirgin da kansa ya ɗora a cinya.

"Ina gam ɗin naka?"

Na kawo. Ya cire hula ya fito da ƙofar, ta yi baƙi da gumi. Na ce ya kawo in sa masa, ya ce a'a. Ya zuba gam ya yi yawa, ya ɗora ƙofar a karkace, ya danne da babban yatsa. Bakinsa yana motsi amma ban ji abin da yake cewa ba. Da ya ɗaga yatsan, sai ya miƙo mini jirgin.

"Ɗaga shi sama in gani."

Na miƙe na ɗaga shi iya tsawon hannuna, na bi ta gabansa a hankali har bakin zaure. Ni da na saba yin ƙugin injin da baki har maƙwabta su yi Allah ya isa, ranar ban yi ko tari ba. Ya bi shi da ido har na fita cikin rana.

Da na dawo ya ce, "Je ka gaya wa ubanka a buɗe rumbun marigayi. Gobe za a yi masa sadaka."

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mata sun kwana suna aikin dawar, aka yi tuwo aka dama kunu, sauran aka auna wa mabukata. Liman ya zo da jama'a bayan an sauko daga masallaci, mutanen Indabo da na Achika suka zo a kan kekuna, wasu ma ba a haife su ba lokacin da mamacin ya bar gari. Aka yi ta'aziyyar mutumin da ya rasu tun kafin a fara haƙo fetur a ƙasar nan. Kakana ya fito da wata tsohuwar butar soja da ban taɓa gani ba, ya cika ta da ruwa ya ajiye wa masu alwala.

Na bi layi kamar kowa. Da na iso gabansa na durƙusa, karo na farko a rayuwata ban sara masa ba.

"Kaka, ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta."

"Amin," in ji shi. Ya daɗe riƙe da hannuna. Sannan ya sunkuyo ya ce a hankali, yadda liman ba zai ji ba, "Matar dai ba za ka samu ba, ja'iri."

Bai kai damina biyu bayan nan ba ya bi ƙanensa. Na cika alkawarin waina.

Yanzu ni ne mai furfura, jikokina ne suke tambayata yaushe zan mutu su gaji wayata. Har yau ina haɗa jiragen nan in na samu, kuma na ƙware, ba a ganin ɗigon gam a aikina. Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa iyayenmu suka bar wa jika wannan dama ta faɗin abin da ya ga dama. Ina jin sun san cewa a kowane gida akwai maganar da girmamawa take hana manya furtawa, sai an samu ƙaramin marar kunya ya ɗauko ta cikin wasa.

Dakotar nan tana ɗakina, fentinta ya koɗe, farfela ɗaya ta karye. Masu zuwa kallo sukan ce ƙofar a karkace take, in ɓamɓare in sake ɗorawa mana. Sai in ce su matso su duba da kyau. A tsakiyar ƙofar, cikin busasshen gam, zanen babban yatsan kakana yana nan.