Dutsen da Na Rasa Inda Zan Sa Shi

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da muka kwashe kaya daga gidan kakanmu a unguwar Hindawiyya ta Makka ba. Ni mutum ne mai son tsari, don haka na raba kayan kashi uku: na ɗauka, na sadaka, na shara. Dokata ɗaya ce, abin da ba a san amfaninsa ba, ba zai hau mota ba.

A ƙasan akwatin marigayin na tsinci wani baƙin dutse, mulmulalle kamar lemo, an sassaƙa masa ƙulu-ƙulu shida daidai wa daida. Gwaggo, 'yarsa da ta rage, ta ce a hamada ya tsinto shi, lokacin da ya taho Makka a ƙafa.

"Na mene ne?" na tambaye ta.

"Oho! Amma inda za ni, nan za shi."

Ba na saɓa dokata don kowa, sai na shiga gwajin gano amfaninsa. Da farko ƙanena ya ce ma'auni ne. Muka ɗora a sikeli, bai yi daidai da komai ba. Na biyu, matata ta niƙa kanwa da shi, ƙulu-ƙulun suka hana. Na uku, maƙwabcinmu mutumin Cadi ya ɗaura masa igiya wai makamin farauta ne, ya wulwula, saura kaɗan ya fasa fanka.

"Halas, ya isa, ya Ammi, kar ka farauce mu!" 'yata ta ce wa maƙwabcin, wanda take kira baffa da Larabci. Ta nuna mini hoton irinsa a waya, waɗanda aka tono a Turai, ta ce masanan can ma hasashe suke yi.

Direba na ta oda a waje. Na nufi kashin shara da dutsen.

Gwaggo ta ce, "Kafin ka yar, ɗana, ƙirga mutanen ɗakin nan."

Na duba. Maƙwabta sun cika ɗakin, har da biyu da suka shekara ba sa gaisawa, suna musu kafaɗa da kafaɗa.

"Haka Baba ya ce yake yi a kowane zango. Ya fito da shi, a taru ana gardama, kafin a watse an ba shi masauki da tuwo."

Na juyo daga kashin shara. Na sa dutsen a aljihun tobina, wato doguwar rigata, na taimaka mata ta hau mota.

Har gobe ban san abin da masassaƙinsa ya nufa ba. Amma na koyi cewa rashin sanina ba hujjar zubar da abu ba ne.