Rumbun Lawali Mai Lantarki

Lawali ɗan Mamman a ƙauye aka haife shi, ya shigo Sakkwato da buhun gero ɗaya da baki mai daɗi. Da su ya zama ɗan kasuwar hatsi, ya je Makka, ya gina gida a Gawon Nama, ya auri Hajara. Shekara talatin yana birni amma ƙauye bai sake shi ba. In ya ga rami sai ya toshe, in ya ga ƙwaro sai ya bi shi da ido har ya ga gidansu.

Dabara ɗaya ya taɓa yi wadda kowa ya yaba. Kafin Mamman ya rasu, Lawali ya ɗauke shi bidiyo a waya, tsohon yana zagaya gonarsu da sanda yana nuna inda rabon kowane ɗa ya tsaya. Su biyar ne maza, kuma ko kan tuwo ba su taɓa shiri ba. Da wayar ta cika, ya tafi Gidan Igwai wurin Sharifuddeen mai gyaran kwamfuta.

"Alhaji, ga akwatin ajiya," in ji Sharifuddeen. "A haɗa ta da waifai na gida, hoto da bidiyo duk su koma ciki, ka riƙa kallo daga waya."

"Ashe rumbu na," in ji Lawali.

"Kusan hakan."

Wannan "kusan" ita ta ja komai. Akwai mai tsada akwai mai araha, Lawali ko kallon mai tsadar bai yi ba. Aka juye masa komai a ciki, ya share wayarsa tas, ya dawo gida yana rangaji. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ɗaki ya gaida akwatin, ya ga fitilarta kore tana ƙifta ido.

Da bazara ta shigo sai ya ga kiyashi a jere suna shiga 'yan ramukan da ke bayan akwatin. Mutumin da ya tashi a gindin rumbu ba a koya masa abin yi. Ya kwaɓa laka da kashin shanu ya yaɓe ramukan nan kaf, ya ɗora akwatin kan duwatsu uku, ya lulluɓe ta da ganyen dogon yaro.

"Maigida, wanga abu hwa shina kuka," in ji Hajara kwana biyu bayan haka.

"Ƙwari na ka mutuwa ciki. Ki bar shi."

Ran Laraba fitila ta mutu. Ran Juma'a kuwa 'yan uwa za su taru a raba gona, kowa ya san Lawali zai zo da muryar tsoho. Ya rungumi akwatin ya hau Keke Napep sai Gidan Igwai. Sharifuddeen ya ɓamɓare lakar da cokali, ya sansana, ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye.

"Alhaji, nan fanka ka shan iska. Hancinta ka toshe, cikin zahin Sakkwato. Ka dahwa ta."

"To a hiddo abin da ke ciki."

"Babu. Ko ƙwaya."

Lawali ya dawo gida, ya zauna a zaure ya cire hula. A nan Balaraba maƙwabciyarsu, mai sayar da fura, ta same shi za ta shiga wurin Hajara. Ta ji labari, ta gyara mayafi.

"Wane bidiyon? Na Baba da sanda? Ai shina wayata."

Ashe Hajara ta ba ta lambar waifai kamar yadda ake ba maƙwabci garwashin wuta. Akwatin arahar kuwa ba ta tambayar kowa ko wane ne, lambar sirrinta ɗaya biyu uku huɗu ce tun daga kamfani. Balaraba ta buɗe wayarta wata rana ta tarar da gidan Lawali baje a ciki, kuma da yake waifai ba ya kaiwa ɗakinta sosai sai ta kwashe komai don ta kalla a natse.

"Komi?" in ji Lawali.

"Har rawar da ka taka bukin ɗiyarka Hajjo, malum-malum na tashi. Mata na layinmu sun gaishe ka."

Ya rasa ko godiya zai yi ko ya shige ƙasa, sai ya yi duka biyun, yana dariya yana rufe fuska da hula. Ya ce ta ba shi aron wayar, ta ce wayarta ba ta zuwa ko'ina ba ita. Haka ran Juma'a Balaraba ta zauna gaban mota har ƙauye. Ta tsaya tsakiyar gona ta ɗaga waya sama, maza biyar suka kewaye ta, Mamman ya raba musu gona da bakinsa, babu wanda ya musa.

Lawali ya nufi wata tsamiya da ya daɗe yana wa kallon tasa, Balaraba ta kira shi.

"Alhaji, dawo. Wagga ta ƙanenka Habibu ta. Sau ukku ni kalla."