Mis Ozella, Mai Dashen Gefen Titin Kewaye

Ƙarfe shida da rabi na safe, duk wanda ya saba bin titin kewaye na garinmu Marlow Springs ya san zai hangi wata tsohuwar a-kori-kura a fake daga gefe, da wata mata cikin rigar aiki mai ƙyalli durƙushe a kan gangare. Ba da shebur take farawa ba. Yatsa take cusawa cikin ƙasa, ta murza, ta sunsuna, sannan ta san ko yau ranar ban ruwa ce ko ta sassabe. Sai ta kurɓi baƙin kofinta, ta bi magudanai ɗaya bayan ɗaya tana cire ledoji da gwangwanayen da matafiya suka watso. Wannan ita ce Mis Ozella Gantt, wadda ta ajiye aiki ranar Juma'ar da ta wuce, bayan shekara arba'in da biyu tana kula da tsirran gefen titin nan.

Yaran yanzu sun taso sun tarar da titin, suna zaton tare da garin aka kafa shi. Manya kuwa ba su manta da 1969 ba, lokacin da aka ce babbar hanyar da ta ratsa jihohi za ta zagaye gari don manyan motoci su daina toshe kasuwa. Kasuwa ta tsira. Unguwar Shiloh, ta baƙaƙen fata, ita aka ja wa layi ta tsakiya. Gida sittin da uku da coci guda suka tafi. Ozella tana da shekara goma sha biyu ta tsaya tana kallon katafila ta tumɓuke ɓauren ƙofar gidansu. Mahaifiyarta kuwa ta yanki reshensa uku tun da sassafe ta dasa a gwangwanin kofi.

A 1981 ta je neman aiki wurin masu kula da hanya. Shugaban leburori ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "'Yan mata, nan fa ba lambun coci ba ne."

Ta ce, "Na gani, Yallaɓai. Lambun coci ba ya amayar da laka a kan titi kamar naku."

Kowa ya kwashe da dariya, har shi. Gaskiya ta faɗa. An yanka tudun Shiloh an bar shi tsirara, jar ƙasa zalla, duk ruwan da ya sauka sai ya kwaso ta ya shimfiɗa a kan kwalta. Shekara uku ta yi tana yanka gangaren hawa-hawa, tana karkata ruwa zuwa magudanai, tana dasa ciyawa mai dogon saiwa, bayanta ƙananan itatuwa, can sama kuma manyan itatuwan pikan, masu 'ya'ya kamar gyaɗa. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinta har yau suna kwaikwayon muryarta: "Ku faɗaɗa ramin, kada ku zurfafa, ba gawa za ku binne ba!" Ba ta yarda a yi dashe sai zafi ya karye. Busasshen ganye a baza shi kewaye da itace, amma kada ya taɓa gindin. Wanda kuma ya zo mata da tsiro don kyansa kawai, sai ta ce ya dawo ranar da ake ruwa, ya tsaya a wurin ya ga inda ruwan ke bi, sannan su yi magana.

A 2004 aka kawo wani injiniya, Mista Dale Hutto, don gyaran gefen hanya. Ya ce itatuwan sun cika wahalar kulawa, a share su a zuba duwatsu. Mis Ozella ta tare shi a gindin gangare.

"Ɗana, ka ga gidajen can na ƙasa? Mutane ne a ciki. Saiwoyin nan ne ke riƙe musu tudun."

"Mis Ozella, na karanci ƙasa shekara biyar a jami'a."

"Madalla. Ita wannan ƙasar ba ta halarci ajin ba."

Bai saurare ta ba. Aka share kusan rabin mil kafin ta tattaro mutanen unguwar ƙasa suka cika zauren taron gari, aka dakatar da aikin. Ta san tana iya rasa aikinta a kan haka, an ma kira ta ofis an ja mata kunne. Watan Satumba ruwa ya sauka kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Ɓangaren da aka share ya zame da duwatsunsa, ya rufe hannu ɗaya na titi, ya rushe shingen Malama Verlene Tubbs, ya tsaya a bakin tagar kicin ɗinta. Ɓangaren Mis Ozella, wanda gida goma sha ɗaya ke ƙarƙashinsa, ko motsi bai yi ba. Verlene ta ba ni labari da bakinta cewa washegari Mista Hutto ya zo, hula a hannu, laka har gwiwa, ya ce, "Mis Ozella, daga ina za mu fara?" Ba ta goranta masa ba. Shebur ta miƙa masa.

Akwai aikin da ba wanda ya sa ta. Shekara da shekaru tana bin tsofaffin mutanen Shiloh duk inda suka watsu, tana roƙon reshe daga abin da iyayensu suka tsere da shi: wardi, ɓaure, inabi. Ta dasa kowanne a bayan shingen titi, daidai inda ƙofar gidan take a da. Bara wani dattijon coci, Dikin Wardell Poole, ya zo daga Detroit da sanda, ya ce yana so ya ga inda aka haife shi kafin ya mutu. Ya tsaya yana kallon motoci, ya rasa gabas ya rasa yamma. Mis Ozella ta kama hannunsa ta kai shi gaban wani jan wardi.

"Ɗan'uwa Poole, nan matakalar mahaifiyarku, Mama Idella, take. Reshen daga wurin ƙanwarka na karɓo."

Dattijon ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Daga baya ya ce, "To ai nan take zama ta zage mu in mun dawo da datti." Suka yi dariya, hawaye na zuba.

Mis Ozella, ke ce kika ga an yanka unguwarku kina ƙarama, kika girma kika ɗauki shebur kika koma wurin. Ke ce kika hana tudu ya faɗa wa mutane, kika hana a manta inda kowa ya fito. Dubban motoci na wucewa kullum, direbobi na ganin fure su ji sanyi a ransu, ba wanda ya san sunanki. Mu mun sani. Uwar gangare, mun gode.

Ranar Juma'a aka yi mata walima a harabar coci, da soyayyen kifi da burodin masara da shayi mai ƙanƙara. Ranar Litinin na leƙa gidanta na same ta zaune a baranda, hannu a cinya, ta kasa kunne.

Ta ce, "Ashe haka titin nan yake da ƙara? Shekara arba'in da biyu ina gefensa, ban taɓa samun sukunin ji ba."

Ki huta, Mis Ozella, Allah ya ƙara lafiya. Mu kuma da muka rage, kowa ya duba ƙofar gidansa. Akwai wani fili da ya bushe, ko magudanar da ta toshe, wadda kowa ke wucewa yana cewa aikin hukuma ne. Kada a jira a turo wani. A durƙusa a fara.