Kan Injin Motar Baba

Har yau in na ji bakanike ya ce "kwandem" sai raina ya ɓaci, ko da ba da ni yake ba. Kalma ce 'yar ƙarama da ake jefawa a gareji sau ashirin a wuni, amma ita ta raba mahaifina da abin da ya fi ƙauna bayan iyalinsa. Abin haushin, da bakina na faɗe ta.

Baba direba ne. Shekara talatin ya yi yana jigila tsakanin Daura da Mai'adua, wani zubin ya tsallaka har Damagaram, da wata doguwar mota ƙirar Faransa mai kujera layi uku, irin wadda yanzu sai dai ka ga gawarta a bayan tasha awaki na kwana a ciki. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya sa ni makaranta har na zama malamin lissafi, kuma hakan bai hana shi kirana "ɗan boko" ba duk ranar da na yi wauta. Da idonsa ya mutu sai aka ɗora ta kan duwatsu a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya. Shekara takwas tana nan. Kullum da hantsi zai laluba ya fito, ya shafa ta, ya zauna a inuwarta yana jan carbi.

Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci ya ce yana son zuwa Babban Mutum, garin da aka binne cibiyarsa, ya gaisa da yayarsa wadda ita kaɗai ta rage masa. Na ce gobe ma sai in kai shi a tawa motar.

"A wannan gwangwanin madarar?" in ji shi. "A'a. A tawa nake so. Ba zan gan ta ba, amma ai zan ji ta."

Baba bai taɓa roƙona komai ba, ko sabulu. Nan take na ce za a ta da ita. Sai ya riƙo hannuna ya ce, "Duk abin da ka ga dama ka canza. Amma kan, a lallaɓa shi."

Kan da yake nufi shi ne wanda kanikawa ke kira tof silinda, wato dunƙulen alminiyom ɗin da ke zaune a saman inji kamar murfi, inda fulogi da bawul suke, inda wuta ke tashi. Tun muna yara muka haddace labarin wannan kan. Wai akwai wani tsohon bakanike a Damagaram da ya yi kwana tara yana goge cikinsa da hannu, ba da na'ura ba. Wai tun daga ranar motar take hawa yashi da buhu goma na gero ba ta yi tari ba. Duk lokacin da aka buɗe injin, Baba kan sa ƙusa ya buga ɗigo ɗaya a bayan kan, har suka kai bakwai. Mun ji labarin nan har ya gundure mu. Ni dai a zuciyata na ajiye shi tare da sauran labaran tsofaffi, irin na cewa goron da can ya fi na yanzu ɗaci.

Aka ja motar zuwa garejin wani da muka yi firamare tare. Na zaɓe shi ne don ya san Baba, ya sha cin tuwo a zaurenmu. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da ya fi ƙona min rai daga baya.

Bayan mako guda ya kira ni. Na tarar ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera kawuna uku a kai, kamar mai sayar da kifi. Na farko na Baba ne, baƙi ƙirin, tsatsa da gishirin ruwa sun cinye bakin hanyoyin da ruwa ke bi. Na biyu ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga wata mota a Turai, an wanke shi tas. Na uku sabo fil a kwali, yana ƙyalli kamar farantin amarya, amma da na ɗaga shi sai na ji ba nauyi.

"Malam, zaɓi naka ne," in ji bakaniken. "Na Baba sai an kai Kano an yi masa walda an goge fuskarsa, mako uku ko huɗu. Na kwalin nan ban ba ka shawara ba. Ɗan Beljiyam kuwa yau in ka ce a ɗaura, jibi ka ji ƙara."

Ni kuma na kwana biyu ina karance-karance a waya, na zo da kaina a kumbure. Na tsuguna na ƙirga ramukan noti, goma nan, goma can. Na auna tsawo da faɗi da 'yar rular da nake koyarwa da ita. Komai ya yi daidai.

"Zai hau?" na tambaya.

"Zai hau mana. Duk gidansu ɗaya."

Ban san cewa a bakin bakanike "zai hau" na nufin noti zai ɗauru ba ne kawai. Ko zai zauna lafiya da injin, wannan wata tambaya ce daban, kuma in ba ka yi ta ba, ba wanda zai amsa maka. Na tuna yayar Baba da ake cewa jikinta ya yi rauni, na tuna mako huɗu. Na ce a ɗaura ɗan Beljiyam. Dabarata ita ce a yi tafiyar da shi, daga baya in kai na Baba Kano a natse, a gyara, a mayar.

Ina kaɗe wandona zan tafi sai ya taɓa tsohon kan da ƙafa ya ce, "To wannan fa, kwandem ne?"

Na ce, "Eh, kwandem ne yanzu."

Ni a nawa Turancin, abin da na faɗa shi ne: ba zai yi aiki yau ba. Ashe a gareji, duk abin da mai mota ya kira kwandem ya fita daga hannunsa ke nan, ya zama rabon bakanike, ya yi yadda ya so da shi. Kowa a Daura da ya taɓa riƙe sifana ya san wannan. Ni da na yi shekara ashirin ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi ban sani ba.

Kwana biyar bayan haka na tuƙo motar zuwa gida. Unguwa ta fito kallo. Baba yana tsaye da sabuwar rigarsa, an fesa masa turare. Ya ce in buɗe bonet, in bar ta tana aiki. Ya karkata kai ya daɗe yana saurare. Sai ya ce mu ɗan taɓa hanyar Zango a ji.

Muna fita gari ya ce in sa giya ta huɗu in taka. Na taka. Sai ga wata 'yar ƙara daga gaba, ƙyar-ƙyar-ƙyar, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ni wallahi da ni kaɗai ne da ban kula ba.

"Tsaya," in ji Baba.

Na gangara gefen wata gonar gyaɗa na kashe.

"Kan wa kuka ɗora mata?"

Na fara kame-kame, ina maganar tsatsa da mako huɗu. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi min sauƙi. A hankali ya yi min bayanin da na ƙi saurara tun ina yaro. Sau biyu aka taɓa rage saman injin nan, ya gajarta. Shi ya sa tsohon Damagaram ya zauna ya faɗaɗa ramukan wutar da ke cikin kan, don numfashi ya samu wuri, kuma don motar ta iya shan kowane irin fetur, har na 'yan bumburutu da ake sayarwa a kwalba. Wannan baƙon kan kuwa ramukansa ƙanana ne, ya matse ta, wuta na tashi kafin lokacinta.

"Kafin mu kai garin Baure za ta tafasa," ya ce. "Ba komai, ɗan boko. Je ka ɗauko nawa a kai Kano. Yayata ta jira shekara takwas, za ta jira wata guda."

Na sauke shi a gida na wuce gareji, har da 'yar murnata cewa abin ya zo da sauƙi. Na ce wa bakaniken ya fito min da kan Baba. Ya dube ni kamar na tambaye shi ruwan da ya yi alwala da shi jiya.

"Wane kai? Ai masu zubin tukwane sun ɗauka."

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na ce wa ya ba shi izini? Ya ce ni. Na ce yaushe? Ya ce, "Malam, ban tambaye ka ba? Ba ka ce kwandem ba? Ga mutane nan, a gabansu ka faɗa." Kuma abin takaici, masu zaman benci duk suka gyaɗa kai. Wani dattijo mai facin taya har da ba ni haƙuri, wai haka al'adar take tun kafin a haife ni.

Al'ada! Na yarda al'ada ce. Amma mutumin nan ya san motar wa ce. Ya ga ɗigo bakwai ɗin nan da idonsa lokacin da yake kwance notin. Shi ma ya ji labarin tsohon Damagaram a zaurenmu, da tuwonmu a bakinsa. Me zai rage masa in ya ce, "Malam, ka san abin da kake faɗa kuwa?" Numfashi ɗaya ne. Bai yi min ƙarya ba, bai sace ba, ya dai ga na taka rami ya yi shiru don ramin nasa ne. Wannan shirun ne na kasa yafewa, kuma na gaya masa haka a gaban kowa, da wasu kalmomin da ba zan rubuta ba.

Daga nan na nufi wurin masu zubi. Rumfa ce ta kwano, ga tulin tsofaffin fistin da gwangwanaye a gefe, ga akwatunan yashi da ake zuba narkakken ƙarfe a ciki, ana juya ƙafar keke tana hura wuta. Mai wurin mutum ne mai sanyin magana. Da na kwatanta masa kan, nan da nan ya gane.

"Mai ɗigo-ɗigo a baya? Allah sarki. Shekaranjiya muka fasa shi. Sai da guduma ta sha wuya, ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba." Ya ce tukwane uku manya suka fita daga zubin, biyu sun tafi kasuwar Mai'adua. Ya shiga ciki ya fito da ta ukun, ko goge ta ba a gama yi ba.

Da ita na koma gida, a kujerar da Baba ya zauna da safe. Na yi tunanin ƙarya iri-iri a hanya: an kai Kano, an ce sai wata biyu, an ce ya tsage. Amma mutumin da ya gane baƙon kai da kunne, ba muryar ɗansa ce za ta ruɗe shi ba.

Na same shi a ƙarƙashin darbejiya, a wurin da motar ta bar alama a ƙasa. Na tsuguna na faɗa masa komai, har da kalmar da na furta. Na ɗora tukunyar a cinyarsa.

Ya shafa bakinta, ya shafa gindinta, ya juya ta yana laluben bayanta da ɗan yatsa. Na san abin da yake nema, kuma na san babu. Sai ya ƙwanƙwasa ta da zobensa ya kai kunne.

"Shi ne," ya ce. "Shekara talatin, ko sau ɗaya bai taɓa tafasa a hannuna ba."

Ya miƙo min. "Kai wa matarka. Ka ce kada ta ɗora shi a wuta ba ruwa."

Mako na gaba muka je Babban Mutum a gwangwanin madarata. Duk hanyar hannun Baba na kan gwiwarsa, yana motsa shi kaɗan duk inda ya kamata a canza giya. Ya gaisa da yayarsa, sun yi kuka sun yi dariya, muka dawo. Daga baya na sa an faɗaɗa ramukan ɗan Beljiyam ɗin a Kano, ƙarar tsakuwar ta tafi, motar tana tafiya lafiya lau har gobe. Sau uku na roƙi Baba ya shiga. Ya ce in bar shi, ba ya hawa motar mutane ba dalili.

Tukunyar kuwa ban kai wa matata ba. Tana ɗakina, a saman kabad. Duk shekara da Sallah sai ta ce ga babbar tukunya tana zaman banza alhali muna aron ta maƙwabta, ni kuma in ce ta je ta aro. Ba za ta tafasa a hannuna ba.