Kundin Kakana da Shafin Yahudawa

Liman na sallame sallar asuba muka shiga motar haya muka kama hanyar Gezawa, ni da wani abokina da muka yi sakandare tare, wanda yanzu yake aiki a ɗakin karatu, ɓangaren tsofaffin takardu. Mun nufi ƙauyenmu ne da ke bayan Zakirai, wajen Baffana. A hannunsa akwatin marigayi kakanmu yake, wanda kowa ke kira Malam. Cikin akwatin akwai waƙoƙin wa'azi da addu'o'in da Malam ya rubuta da ajami. Shekara goma sha ɗaya ina roƙon Baffa ya bar ni in ɗauki hotonsu kafin gara ta cinye, amsarsa ɗaya ce kullum: “Sai an duba.”

A 'Yankaba muka tsaya sayen ƙosai. Mai tuyar ta ƙirgo mana guda shida a kuɗin da bara ke sayen goma, kuma kowanne bai fi ƙwallon goruba ba. Da muka wuce Jogana gari ya waye sosai. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, gona na manne da gona, ba ka ganin ko taku ɗaya da aka bari a banza. Titin ne dai ruwa ya yi wa illa, direba na ta kauce wa ramuka, mu kuma muna gware da juna a baya.

A wannan jijjigar abokina ya miƙo min wayarsa. Wani shafi ne na intanet da Yahudawa suka zuba littattafan addininsu da na addu'o'insu, Ibraniyanci a gefe ɗaya, fassara a ɗaya gefen. Ya ce kowa na iya kwafa, ya fassara, ya buga a takarda, ba kuɗi ba neman izini. Wasu an sake su gaba ɗaya, wasu kuma sharaɗinsu ɗaya, ka ambaci sunan mai aikin. Ya nuna min hoton wani ɗan littafin addu'a da ya sha hannu, har da tabon ruwa a gefe. Wani ne ya tarar da shi a kayan kakarsa ya ɗora, wani a wata ƙasar ya zauna ya kwafe shi harafi bayan harafi.

Ba zan ɓoye muku ba, ƙyashi ne ya kama ni. Na ce wato jikan wata tsohuwa a can wata duniya yana daga kwance zai buɗe addu'ar kakarsa, ni kuwa na biya kuɗin mota, na sha ramuka, kuma ba ni da tabbacin ko murfin akwati zan gani. Gyaɗar da muka saya a Gezawa ma ban ji daɗinta ba.

Daga Zakirai babur muka hau, ta tsakanin dawa da ta fi mu tsawo. Mun tarar da Baffa a zaure kan buzu, idonsa ya yi rauni fiye da yadda na bar shi. Aka kawo fura da nono mai kauri, irin wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Da na kawo maganar akwati sai ya faɗi abin da bai taɓa faɗa min ba. Ya ce shekarun baya ya ara wa wani baƙo waƙa ɗaya ta Malam, bayan wata biyu ya ji ta a kaset a kasuwa, an cire baitin da Malam ya ambaci sunansa, an sa na wani.

Abokina ne ya gyara zama ya ce wa Baffa, “Allah gafarta Malam, akwai mutanen da suka nemo wa wannan magani.” Ya ba shi labarin shafin.

Baffa ya ce, “Yahudawa dai, ahlul kitabi? Kuma ba sa sayarwa?”

“Ba sa sayarwa.”

“Sunan mai shi kuma yana biye da abinsa duk inda ya je?”

“Haka sharaɗin yake, kuma asalin yana nan kowa na gani.”

Baffa ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, “Ashe waƙafi suka yi, sun bar wa jama'a don Allah. Ai da ka ce waƙafi tun farko.”

Ni ya kalla da ya faɗi haka, kamar ni na ɓoye masa kalmar shekara goma sha ɗaya.

Aka jawo akwatin. Gara ta riga ta ci kusurwar ƙasa, amma yawancin takardun suna nan cikin gafaka. Baffa ya zaro warƙa ɗaya ya ba ni, ya ce in karanta. Na karanta bismilla lafiya lau. Layi na biyu na yi ta lalube, na uku kuwa na tsaya cak, domin rubutun Malam irin na allo ne na da, ga shi ba wasali ko ɗaya. Baffa ya karɓe ya miƙa wa abokina. Bawan Allahn nan ya ɗauka tiryan-tiryan, har da karin waƙar. Kafin ya kai baiti na biyar Baffa ya kama amshi, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, “Haka Malam ke jan ta, wallahi haka.”

Aikina a ranar shi ne riƙe farin ƙyalle a bakin ƙofa don hasken ɗaukar hoto ya daidaita. Baffa ya yarda a ɗauki hoton waƙoƙin wa'azi, warƙa arba'in da biyu, a sa su inda kowa zai samu, da sunan Malam da na malaminsa. Kundin addu'o'i kuwa ya ce wannan sai baki da baki. Da za mu tafi ya riƙe hannun abokina ya ce ya dawo bayan girbi shi kaɗai ma ba laifi. Ni kuma ya ce in gaida mutanen gida.

Muka kamo hanyar dawowa. Abokina ya turo min hotunan duka, ya ce, “Naka ne, kai za ka rubuta gabatarwa.” Na yi godiya, amma a ciki-ciki.

Mun shigo Kano ana kiran magariba. Washegari na zauna da warƙa ta farko, na faɗaɗa ta a waya, tun hantsi har azahar na samu baiti huɗu. Na tafi ina ƙyashin mutanen da suka buɗe wa kowa taskarsu, na dawo na gane an buɗe min tawa, ni ne ban iya shiga ba. Ƙyashin abokina bai sake ni ba har yau, amma na samo wa ƙyashin aikin yi. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ke rubuta allo da irin hannun Malam, na fara zuwa wajensa duk Asabar. Bayan girbi zan koma ƙauye, kuma ni zan ja wa Baffa baitin farko.