Kafso Ja da Baƙi

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, amma ban taɓa bari wannan ya hana ni zama likita ba. Shekara tara na yi ina masinja a ofishin dabbobi a Kabo. Aikina in yi shara, in kai takarda, in riƙe ƙafar akuya idan malamin dabbobi zai yi mata allura. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, gwamnati ta duba gabas ta duba yamma, ta gano ashe ni ne nake cinye arzikin ƙasar nan, sai ta sallame ni. Na dawo gida Gwarzo da tsohuwar jakar ofis, da gwangwanin madara cike da ƙwayoyi, da sarautar da na naɗa wa kaina.

'Yan unguwa suka soma kira na Dakta. Da farko da wasa ne, ni kuma na amsa da gaske. Maganina guda ɗaya ne, kafson nan mai kai ja da gindi baƙi da ake sayarwa a kan tire ranar kasuwa. Kaza ta yi sanyi, ja da baƙi. Akuya tana tari, ja da baƙi. Wadda ta warke aikina ne. Wadda ta mutu kwananta ne ya ƙare.

Maiɗakina Hajiya nake ce mata, ko da yake har yau ba ta ga cikin jirgi ba. Lokacin da aka sallame ni tana da awaki cike da turke. Ɗaya bayan ɗaya suka bi hanyar kasuwa suka dawo mana a buhun hatsi, ba ta taɓa yi mini gori ba. Turken ya daɗe ba ko akuya ɗaya. Yara suka girma, matan suka tafi ɗakunansu, mazan suka tafi nema, gidan ya rage daga ni sai ita. Ana nan sai ƙanenta da ke zaune a Durun ya zo mata da wani abu a cikin kwali.

Na leƙa. Fari ne da ratsin ruwan ƙasa, ba wutsiya, kamar an fara ƙera zomo aka gaji aka bari.

Na ce, "Hajiya, wannan ai ɓera ne."

Ta ce, "Ɓeran Masar ne."

"Ko a jirgi ya zo daga Masar ɗin, ɓera ne. Ba ƙwai, ba nono, ba a layya da shi. Mene ne aikinsa?"

Ta ce, "Kai da aka sallame ka, na kore ka ne?"

Shi ke nan ya zauna. Ta gyara masa tsohon akurkin kaji a gindin zogale, ta ce autanta ne. Ya san ƙarar takalminta. Tun tana zaure zai hau tsuwa yana zagaye, sai ta amsa masa, "Na ji, na ji, ga ni nan." Ni kuwa ko da ganga na shigo ba ya ɗaga kai. Shekara huɗu muka yi a haka. Idan ba ta nan nakan miƙa masa ɓawon kankana in ba shi labarin siyasa, amma wannan ban taɓa yarda an sani ba.

Abin ya faru da daminar shekarar da batun shari'a ya cika gari. Kullum da la'asar muna majalisa a ƙofar masallaci, kuma babu mai ɗaga murya kamar ni. Ni ne mai bayanin amana. Ni ne mai cewa duk wanda aka ba ajiya ya ci, a yi masa hukunci kowa ya gani. Har yatsa nake kaɗawa.

Wata safiya Hajiya za ta tafi suna Durun, kwana biyu. Kafin ta fita ta ɗauki lauje ta zaga bayan gida, ta yanko ɗanyar ciyawa a gefen gonar masarar maƙwabcinmu, ta tara a inuwa. Ta yafa mayafi, ta tsaya a kaina.

"Malam, ciyawa ce da ruwa kawai. Don Allah kada ka yi masa dakta."

Na ce, "Ni ina ruwana da ɓera? Allah ya kiyaye hanya."

Bayan azahar na ji ya yi atishawa. Na wuce abina. Ya sake. Da ya yi ta uku sai na ga ƙafata ta kai ni gaban gwangwani. A raina na ce, matar nan za ta dawo ta tarar da autanta da mura, ta ce ina gida na zuba ido. Gara ta dawo ta same shi garau, in ya so daga baya in gaya mata, ta san wanda take aure.

Na zauna na yi lissafi irin na masana. Kaza rabin kafso nake ba ta. Shi bai kai kaza girma ba. Amma ƙafarsa huɗu, ke nan ya fi kusa da akuya. Sai na buɗe guda sukutum, na dama a cokali, na riƙe shi irin riƙon da na koya a Kabo, na ɗura masa. Ya yi ta mutsu-mutsu yana kallona. Washegari na ƙara masa wani, don na sha jin malamin dabbobi yana cewa ba a yanke magani a tsakiya.

Ranar da ta dawo na ji takalminta a zaure. Akurki shiru. Ta tsaya, ta sake taka ƙasa da ƙarfi ko bai ji ba. Shiru.

Yana can lungu ya dunƙule, gashinsa a tashe, bayansa duk zawo. Ta zauna a ƙasa da mayafinta da jakarta, ta ɗauko shi.

"Malam, me ya ci?"

Na ce, "Abin da kika bari."

Ban yi ƙarya ba. Na dai ɗauki gaskiya na yanke mata ƙafa ɗaya.

Yinin nan ba ta ɗora tukunya ba. Ta naɗe shi a tsohon zane, ta lakato kunu da yatsa ta kai bakinsa, ya kau da kai. Ta tsinko ganyen dankali, abin da ya fi so, bai ko shinshina ba. Can ta ɗago ta dube ni, ita da ta hana ni da bakinta, ta ce, "Ko za ka ba shi irin kafson nan naka? Wataƙila a dace."

Na ce, "A'a. Ba na jin zai karɓe shi."

Washegari da hantsi ya mutu a cinyarta. Ƙafarsa ta ɗan harba sau biyu, shi ke nan. Ta daɗe tana shafa shi. Ni na haƙa rami a gindin zogalen, na zurfafa don kada kyanwa ta tone, na rufe, na ɗora dutse.

Da yamma matar maƙwabcinmu ta shigo yi mata jaje. Ina bakin ƙofar ɗaki ina alwala, ina jin su. Cikin hira matar ta ce, "Allah ya sa dai ba a gonarmu kika yanko ciyawar ba, don maigidan ya yi feshin maganin ciyawa a satin nan."

Hajiya ta ce, "A nan na yanko. Da hannuna."

Ni kuwa na ga maƙwabcin nan da idona, da tankin feshi goye a bayansa, kuma washegarin tafiyarta ne, ciyawar tana gidanmu tun jiya. Kalma biyar za ta isa. Na ci gaba da wanke ƙafata, na wanke ta har sau nawa ban sani ba, na sa takalmi na tafi masallaci.

Kwana goma sha ɗaya na bar ta a haka. Na ƙirga su, don kowace safiya nakan ce yau zan faɗa. Ta ɗauki laujen ta jefa kan rufin ɗaki. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Idan ta dawo daga unguwa takan tsaya a zaure kaɗan, kamar mai jiran a yi mata izini. Wata rana tana wanke-wanke na ji ta ce, ba da ni take ba, "Shekara huɗu yana ganina yana murna, ni kuma na kawo masa ajalinsa a hannu."

A nan ne na yi abin da ya fi kafson muni. Na jawo kujera na zauna, na gyara murya, na yi mata wa'azi a kan ƙaddara. Na ce kowane rai da lokacinsa. Na ce Allah ba ya kama bawa da abin da bai yi da gangan ba, ta daina azabtar da kanta. Wa'azin ya yi kyau ƙwarai, ban taɓa yin irinsa ba. Ta share ido ta ce, "Na gode, Malam. Allah ya saka da alheri." Har ruwa ta kawo mini.

A majalisa kuwa bakina ya mutu. Aka ce, "Dakta, yau ba fatawa?" Na ce haƙori ke damuna.

Rana ta goma sha ɗaya na hau mota na tafi Kabo wurin tsohon maigidana, malamin dabbobin nan. Ya yi ritaya, ya buɗe ɗan shagon maganin dabbobi. Ba gaskiya na je nema ba. So nake ya ce mini kafso ba ya kisa, in dawo in ci tuwona da daɗi. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa, muka taɓa batun ruwan bana. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, wani abokina ne ya ba ɓeran Masar ja da baƙi."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Abokin nan naka, shekara nawa ya yi yana riƙe mini ƙafar akuya?"

Na ce, "Tara."

"Guda nawa ya ba shi?"

"Biyu."

Ya girgiza kai. Ya ce zomo da ɓeran Masar cikinsu ba irin na kaza ba ne. Akwai wasu ƙananan halittu a hanjinsu da ke narkar musu da ciyawa, wannan maganin kuwa su yake fara kashewa, sai zawo, sai mutuwa. Na ce to atishawar fa? Ya ce wataƙila ƙaiƙayi ne ya shiga masa hanci. "Da ka ƙyale shi, da yanzu yana nan yana atishawarsa."

Na ba shi sauran labarin, har da feshi, har da wa'azi. Bai yi dariya ba, shi da yake yi mini dariya shekara tara. Ya ce, "Kai da aka ce kana ta kiran a yi shari'a, ai ga ta ta same ka. Alƙalinka yana gida. Tashi kada ka rasa mota."

Na iso bayan la'asar. Tana zaune a tabarma tana tsintar shinkafa a faranti. Na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin, na ajiye a gabanta, na zauna a ƙasa. Na faɗa mata tun daga atishawar farko. Ba ta ɗago ba, hannunta yana ta fitar da tsakuwa.

Ta ce, "Sau nawa?"

"Sau biyu."

"Ka san ranar da aka yi feshin?"

"Na sani. Bayan kin tafi ne."

"Da matar nan take magana kana ina?"

"Ina bakin ƙofa."

Ta ajiye farantin. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa, kuma da ta yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi. Sai ta ce, a hankali, "Kisan na yafe. So ka yi ya warke, kuma wautarka tun ina amarya na san ta. Amma kwana goma sha ɗayan nan da ka zauna kana kallona ina cin kaina. Har ka yi mini wa'azi, Malam. Har na kawo maka ruwa."

Na ce, "Shi ma a yafe mini, Hajiya."

Ta ce, "Zan duba."

Ta tashi ta ɗauki gwangwanin ta nufi bayan gida, na ji ƙarar ƙwayoyin suna zuba a masai. Da ta fito ta nuna rufin ɗaki ta ce in sauko mata da laujenta. Na jingina tsani na hau, ita kuma ta riƙe mini tsanin. A daren ta ci tuwonta tas.

Daga ranar na ajiye sarauta. Wanda ya kawo mini kaza sai in nuna masa hanyar Kabo. Ƙanenta ya so ya kawo mata wani ɓeran, ta ce a'a, ba ta da wanda za ta bar wa ajiya idan tafiya ta kama. A gabana ta faɗa, tana zuba mini miya.

Yau fiye da shekara ashirin ke nan. Zogalen ya tsufa an sare, wani ya tsiro a gurbinsa, dutsen yana nan. Muna zaune lafiya, tana yi mini tsiya ina ramawa. Amma duk shekara idan azumi ya gabato, mutane suna neman gafarar juna, nakan same ta in ce, "Hajiya, batun nan fa?" Sai ta ce tana dubawa.

Jiya ta gan ni da biro da littafin jikanmu na makaranta, ta ce me nake rubutawa haka har da gumi. Na ce labarin autanta ne. Ta zauna a bakin gado, na karanta mata da irin karatuna na aji huɗu, ina tuntuɓe tana jira.

Da na kai ƙarshe ta ce, "Ka sa har da ruwan da na kawo maka?"

Na ce, "Na sa."

Ta miƙo hannu ta karɓi littafin, ita da ba ta karatun boko, ta ɗaga murfin akwatinta ta sa a ƙarƙashin zannuwa.

Ta ce, "Bar shi a nan. Zan duba."