Kyautar Warkewa ta Direba Iwanaga

Iwanaga Shigeo da motar kai kifi ya fara tuƙi. A Nagasaki aka haife shi, a unguwar ma'aikatan ƙera jiragen ruwa da ke can saman tudu, inda sai an hau matakala kafin a kai ƙofar gida. Ubansa ya so ya bi shi wurin jirage, shi kuwa ba ya son ƙarar guduma. Bai cika talatin ba ya ci jarrabawar lasin ɗaukar fasinja, wani kamfanin bas na gari ya ɗauke shi, aka ba shi layin da ke hawa unguwarsu. Bai taɓa neman a canza masa ba.

Layin nan ba kowa ke sonsa ba. Hanya ce siririya mai lanƙwasa, wani wurin sai mota ɗaya ta lafe a jikin katanga ɗaya ta wuce. Shi kuwa ya san ta kamar tsakar ɗakinsa. Kafin ya tashi daga kowace tasha sai ya nuna madubi da yatsa cikin farar safar hannu, ya ce da ƙarfi, "Hagu lafiya, dama lafiya, za mu tashi." Duk direbobi an koya musu haka, amma yawancinsu a maƙoshi suke faɗa. Shi har kujerar baya ake jin sa. Bai taɓa ko gogar fentin wani ba. Yana da mata, Fumie, da 'ya'ya mata biyu da suka yi aure a wasu garuruwa. Ranar hutu yakan ci taliyar champon a shago ɗaya, a kujera ɗaya.

Yana da shekara hamsin da huɗu ya faɗi. A filin gareji ne, da safe, ana cikin motsa jikin da direbobi ke yi tare kafin fita. An ɗaga hannu sama, kowa ya sauke, shi ya tafi ƙasa gaba ɗaya. Tsuji, abokinsa da suka shiga kamfanin shekara ɗaya, shi ya danna masa ƙirji har aka kawo na'urar farfaɗo da zuciya daga ofis. A asibiti aka ce bugun zuciyarsa ne ya rikice, kuma zai iya sake rikicewa ba sanarwa. Suka sa masa wata 'yar na'ura ƙarƙashin fata a ƙasan kafaɗar hagu, girmanta kamar akwatin ashana. In zuciyar ta sake yin haka, na'urar za ta gane, ta buge ta da wuta ta dawo hanya.

Tambayarsa ta farko ga likita ita ce yaushe zai koma mota.

"Motarka ta gida, in an yi watanni ba abin da ya faru, zan rubuta maka takarda," in ji likitar. "Bas kuwa, ko tasi, ko duk wata motar haya mai ɗaukar mutane, an gama, Iwanaga-san." San ɗin nan girmamawa ce, kamar a ce malam.

"Likita, ni yanzu ai na fi kowa tsaro a garejin nan. Tsuji da tumbinsa kamar tukunyar shinkafa, in tasa ta tsaya wa zai tada ta? Ni ina yawo da likitana a ƙirji."

Ta yi dariya kaɗan, sannan ta ce, "Na'urar sai ta gane tukun, ta tara wuta, sannan ta buga. A tsakanin nan za ka iya suma. Sumar ba ta daɗewa, amma kana bisa sitiyari."

Ya ce ya ji. Bai ji ba. A ganinsa likita asibiti ta sani, gareji kuwa yana da nasa tsarin. Direbobi nawa aka yi wa tiyata a gadon baya, a ciki, har wanda aka cire wa rabin huhu, duk sun koma. Yadda ake yi kuwa sananne ne. Wanda ya tashi daga ciwo yakan kai kyauta ga waɗanda suka duba shi, kuma abin da ke ƙarewa ake kaiwa, sabulu ko alewa, don kada ciwon ya bar saura. A kan takardar da aka naɗe kyautar ake rubuta ko wace iri ce. In mutum ya warke sarai, a rubuta murnar cikakkiyar warkewa. In da saura, godiyar dubiya kawai ake rubutawa. A garejinsu, duk direban da ya miƙa ta cikakkiyar warkewa shugaba ya karɓa, ba a mako sai ka ga sunansa ya koma allon aiki. Ba doka ba ce, haka dai aka saba.

Da suka je babban kanti sayen kayan, mai naɗewa ta tambaya me za ta rubuta.

"Godiyar dubiya," in ji Fumie.

"Cikakkiyar warkewa," in ji shi.

"Baban yara, wace warkewa? Abin nan yana nan a ƙirjinka, jiya ma ka hana ni ɗora maka wayata a aljihu."

"Ina cin abinci? Ina hawa matakala? Ke da ƙafarki ma na riga ki isa gida."

"Ka riga ni. Ni dai ba zan riƙe maka jakar ba."

Mai naɗewa ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji, ta jira. Shi ya biya, ita ta rubuta abin da ya ce.

Ranar Litinin ya sa kayan aikinsa, har da hula, ya isa gareji daidai lokacin da direbobin safe ke jere a ofis. Da gangan ya zaɓi lokacin. Ya san Urakawa, shugaban garejin, ba zai iya mayar da kyauta a gaban mutane ba. Ya rusuna, ya nemi gafarar wahalar da ya jawo wa kowa, ya miƙa babban akwatin da hannu biyu, takardar tana fuskantar shugaba.

Urakawa ya karanta. Kunnuwansa suka yi ja. Mutum ne mai shiru, ya girmi Iwanaga da shekara biyu, shi ma tsohon direba ne. Ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya ajiye a kan tebur. Kowa a ofis ya san abin da likita ta ce, kowa kuma ya san abin da karɓar take nufi.

"Kai, Shige," in ji Tsuji, da ya saba taƙaita sunan Shigeo, "sabulu ka kawo mana? Wato ƙazamai ka ɗauke mu."

Aka yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar. Urakawa ya ɗauki hularsa ya ce, "Iwanaga-san, Tsuji ne ke kan layinka yau. Zo mu bi shi, na daɗe ban hau ba."

Suka zauna a kujerar farko, bayan direba. Iwanaga bai taɓa zama a nan ba. Duk hawan tudun yana gyara wa Tsuji tuƙi a zuci, wani lokaci a baki.

"Ka matso da yawa, katanga."

"Fasinja ba ya magana da direba, malam. An rubuta a sama."

Tsofaffin unguwa suna shiga suna gane shi. Wata ta kama hannunsa, ta kira shi kamar yadda ake kiran ɗan gida, ta ce, "Shige-chan, yaushe za ka dawo? Wannan mai ƙiban birkinsa kamar an ture mutum."

"Na ji, Iya," in ji Tsuji. "Gobe ki hau da ƙafa."

Da aka kai ƙarshen layi motar ta juyo, ta cika da masu zuwa kasuwa da asibiti. Suna kaiwa kan gangaren da ke sauka zuwa makarantar firamare, Urakawa ya ce a hankali, ba tare da ya dube shi ba, "Rufe idonka. Kada ka buɗe sai na ce."

Iwanaga ya rufe. Bai buƙaci ido ba don ya san inda suke. Jikinsa ya gaya masa. Ga ɗan ramin da ke gaban shagon tofu, wato awara. A nan ƙafarsa takan sauka kan birki, sai ya ji ta tana danna ƙasan motar. Yanzu lanƙwasa ta hagu, in ba a juya ba matakala ce da rufin gidaje a ƙasa. Bayanta layin tsallakawa na yara, da mai riƙe tuta. Ya ji Tsuji ya rage gudu, ya ji muryoyin yara ta taga. Ya buɗe ido.

"Ban ce ba tukun," in ji Urakawa.

"Na sani, Shugaba."

Da suka sauka suka koma gareji. A ofis Iwanaga ya nufi akwatin, ya ce zai kai a sake takardar. Urakawa ya ce ai an riga an raba, masu wankin mota sun kwashe rabi, kuma ba wanda ya ajiye takarda. Sannan ya ce teburin tantance direbobi da safe zai rasa mutum in kaka ta shigo, amma sai an yi kwas an ci jarrabawa, kuma albashin bai kai na tuƙi ba. Ya ce ya je ya yi shawara da matarsa.

Fumie ta ce, "Tebur dai ba ya gangarawa. Karɓa."

Ya kai takardar likita ofishin lasin da kansa. Motarsa ta gida aka bar masa bayan lokacin da aka ɗiba, da sharaɗin sabunta takardar a kai a kai. Jarrabawar teburin sai a karo na biyu ya ci.

Yanzu shi ke zaune a wurin kowace safiya. Direba ya zo ya hura na'urar gwajin giya, ya nuna lasin, ya amsa tambayoyin lafiya. A da ana gama wannan kafin mutum ya cire hula. Iwanaga kuwa sai ya dubi fuska, ya tambayi barci, ya tambayi ko an ji jiri, kuma yana jiran amsa. Wasu na ƙorafi. Ya taɓa hana Tsuji fita da mota saboda ya ce kansa na ɗan juyawa tun daren jiya.

"Ni da na tashe ka daga mutuwa, Shige, ni za ka kora?"

"Asibiti na ce, ba gida ba. Kawo makullin."

Tsuji ya ajiye makullin yana gunaguni, Iwanaga ya ɗaga waya ya kira direban da ke jiran ko-ta-kwana.